Haɗa judo da sauran salon kokawa: inda aka fi yin tuntuɓe

Ɗan judo da ya shiga filin jujitsun Brazil ko na damben MMA mai haɗa naushi da kokawa, abin da ke fara ɗaure masa kai shi ne ya ɗaga mutum ya buga da ƙasa, kayarwa mai kyau, kafin ya ankara sai ya ji hannu a maƙogwaronsa. Ba judon ne ya gaza ba. Ɗabi'un da dokar gasa ta saba masa da su ne ya kwaso ya kai inda dokar ba ta aiki. Dama can judo da jujitsun Brazil da sambo 'yan gida ɗaya ne. Jigoro Kano ya kafa makarantar judo ta Kodokan a Tokyo a 1882. Ɗalibinta Mitsuyo Maeda ya isa Brazil a 1914, ya koyar da Carlos Gracie, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jujitsun Brazil, wani ɗalibin kuma, Vasili Oshchepkov, yana cikin waɗanda suka gina salon kokawar sambo a Tarayyar Sobiyat. Doka ce ta raba su, don haka mai haɗa su sai ya tantance abin da ke ainihin dabara da abin da ke sabo kawai.

Babban kuskure shi ne ba da baya. A judo, idan ka shiga seoi-nage, wato ka juya ka goya mutum ka wurga shi, in ta ci an ba ka ippon, wato cikakkiyar nasara, wasa ya ƙare, in ba ta ci ba ka kifa ciki ka jira alƙalin wasa ya ce mate, ku miƙe. A jujitsu babu mai tashin ka. Ƙa'idar IBJJF, hukumar gasar jujitsun Brazil, maki 2 take ba wanda ya kayar, 4 ga wanda ya hau baya ya saƙale ƙafafu. Ka ga ke nan ka sa huɗu a caca don neman biyu, ga shaƙa na jiranka. Gyaran shi ne ka fifita kayarwar da ƙirjinka ke fuskantar abokin karawa: masu kwashe ƙafarsa da taka ƙafar, irin su osoto-gari, ouchi-gari, kouchi-gari, da taɗiyar de-ashi-barai. In ma sai ka juya, kada ka saki hannun rigarsa. Bi shi ƙasa da hannun nan a riƙe, gwiwarka a haƙarƙarinsa, ka danne ko ka wuce juji-gatame, makullin gwiwar hannu. A atisaye, kada ka lissafa kayarwa sai ka danne mutum ya kasa motsi. Shi kuwa kwanciya ruf da ciki a dunƙule kamar kunkuru, a MMA gayyatar naushi ne. Duk lokacin da ka faɗi, juyo ka sa ƙafafunka tsakaninka da shi, ko ka miƙe nan take.

Sai tsayuwa. A 2010 hukumar judo ta duniya ta hana kai hari kai tsaye kan ƙafa da hannu, a 2013 ta haramta kama ƙafar gaba ɗaya. Yaran da suka taso bayan nan sun saba tsayawa ƙyam, ba wanda ya taɓa nutsowa ya rungume musu cinyoyi. Ɗan kokawa na ganin irin wannan tsayuwar sai murna. Lanƙwasa gwiwa, sauke hannu ɗaya ya tsare ƙafar gaba, ka koyi watsa ƙafafu baya kana sauke nauyin ƙugunka a kafaɗarsa idan ya nutso. Amma kada tsoro ya sa ka duƙe gaba ɗaya ka zubar da abin da ka fi shi. Mutumin da ya sunkuyo ya riga ya ba da rabin daidaitonsa, uchi-mata, wato ɗaga cinyarsa ta ciki da ƙafarka, da sumi-gaeshi, wato faɗawa ta baya ka wurga shi ta samanka, suna son irinsa. A nan masu kokawar gargajiya tamu suna da abin koyarwa. 'Yan kokawar da ke neman takobi a Nijar ba riga suke kamawa ba, kuma kama ƙafa halal ne a wurinsu. Ɗan judo da zai samu irinsu su riƙa gwabzawa a yashi zai gano ramukan tsayuwarsa da wuri, su kuma su ƙaru da aikin ƙasa, tunda a wasansu faɗuwa ce ƙarshen magana.

Akwai kuma dogaro da riga. Ranar da aka cire ta, ga gumi ga santsi, sai ka ga hannuwa suna lalube. Mafi yawa sai su rungumo kai su nemi jefawa ta ƙugu. Ronda Rousey, wadda ta ci tagullar judo a gasar Olamfik ta Beijin a 2008, ta sha kayar da mata haka a gasar MMA ta UFC, amma mai kwaikwayonta ya sani cewa kan na zamewa, an hau bayansa. Maye gurbin kowane riƙo da ɗan'uwansa: wuyan riga ya koma hannu a ƙarƙashin hamata ko a ƙeya, hannun riga ya koma wuyan hannu ko saman gwiwar hannu. Da hannu a hamata, jifar ƙugu ta harai-goshi da uchi-mata suna tafiya lafiya. Abin da ba ya canzawa shi ne kuzushi, gusar da mutum daga daidaitonsa kafin ka shiga. Ba riga, nisa ya ragu, don haka da ƙirji da kai da taku za ka yi shi.

Abin da ya fi damuna shi ne masu tsallake ukemi, koyon faɗuwa. 'Yan jujitsu da yawa daga durƙuso suke fara fafatawa, ba a taɓa wurga su daga sama ba. Ka jefa irin wannan da ƙarfi, zai tokare da hannu, kafaɗa ko gwiwar hannu ta goce. Koci ya fara da faɗuwa makonni kafin a zo jifa. Kani-basami kuwa, almakashin ƙafa, a bar ta. Ita ta karya ƙafar gwarzon judon Japan Yasuhiro Yamashita a 1980 a karawarsa da Sumio Endo, daga baya aka haramta ta a judo. Ko da gasar da za ka shiga ta yarda da ita, ba a kan abokin atisaye za ka gwada ba.

Kuma ba sai ka tara dabaru daga kowane salo ba. Zaɓi kayarwa biyu ko uku, ka san riƙon kowacce da riga da babu riga, ka san inda kake sauka da makullin da ke biye. Ranakun koyon judo ka yi judo zalla, na kokawa ka yi kokawa, sannan ka ware rana guda ta haɗawa, a fara daga tsaye, kada a tsayar da wasa sai wani ya buga hannu ya sallama.