Fijo 504 ta yi hatsari: a gyara ko a haƙura?

Ni dai a Bauchi, duk wanda ya kawo mini wannan tambaya, cewa nake: kada fenti ya ruɗe ka, Alhaji. Sa a ɗaga motar, ka leƙa ƙasanta da tocila. In shasi ya lanƙwashe, ko ƙofofi sun daina rufuwa daidai, walda ba za ta dawo da ita yadda take ba. Za ta riƙa cin taya gefe ɗaya. Wannan a haƙura, a cire inji da giyabos a adana.

In kuwa bamba ne, fitila da lagireto, wallahi a gyara. Irin waɗannan motocin da aka haɗa a Kaduna sun yi ƙaranci yanzu. Amma fara samo kayan gyaran, ka ji kuɗinsu, kafin makanike ya kwance ko da noti ɗaya.