Yadda malamin lissafi zai haɗa darasi da malamin gini

A kwalejin fasaha, yaron da ke koyon gini yakan ɗauki lissafi a matsayin wahalar da za a sha don a ci jarrabawar NABTEB, wato jarrabawar kammala kwalejin fasaha ta Najeriya. Ni lissafi nake koyarwa, kuma abin yana damuna, domin babu magini na kirki da ba ya lissafi kullum.

Kafin a koma makaranta, ka nemi malamin gini ku zauna, kowa da jadawalinsa. Ka tambaye shi makon da yara za su fitar da harsashin gini, da makon kwaɓa kankare, sai ka jera darussanka su bi nasa. Kai ne za ka bi shi, domin aikin gini yana da tsarin da ba a tsallakewa.

Makon harsashi, ka fitar da ajinka fili. Magini yana daidaita kusurwa da igiya da turaku: mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗayan, in tsakanin ƙarshensu ya ba da mita 5, kusurwa ta zauna daidai. Bar yara su ja tef da hannunsu. In ya nuna 5 da ɗoriya, su gusa turke su sake aunawa, kada ka gyara musu. Sai an dawo aji za ka rubuta a allo cewa 3 sau 3 (9) da 4 sau 4 (16) sun ba da 5 sau 5 (25), ka gaya musu ƙa'idar Pythagoras ke nan. Daga nan ka tambaye su ɗaki mai mita 6 da mita 8, nawa ne daga lungu zuwa lungu.

Bulo mai inci 9 tsawonsa milimita 450 ne, tsayinsa 225, wato kusan bulo 10 a kowace murabba'in mita. Su auna bango, su cire ƙofa da taga, su fitar da yawan bulon da ake buƙata. Kwaɓin 1:2:4 na siminti da yashi da tsakuwa ya ishe ka darasin kaso.

A kwalejojin al'umma na jihar Washington ta Amurka, wani shirin koyar da sana'a mai suna I-BEST yana saka malamai biyu, na sana'a da na karatu ko lissafi, a aji ɗaya aƙalla rabin lokacin darasi. Mu ba mu da yawan malaman da za su yi haka, amma darasi ɗaya a mako zai yiwu in shugaban makaranta ya sa shi a jadawali.

A ƙarshen zango, kowane yaro ya rubuta wa mai gida takardar ƙiyasin kayan ɗaki ɗaya. Malamin gini ya duba ko kayan za su isa, kai ka duba lissafin, malamin Turanci ya duba rubutun, makin ya shiga darussan uku.