Yadda za ka mai da sharhin kod ɗinka littafin jagora, ya kuma fito a cikin edita

Bayanin manhaja da aka ajiye a wani fayil daban ba ya daɗewa yake fara ƙarya. Kod ya canza, bayani ya tsaya inda aka bar shi. Shi ya sa ni nake rubuta shi a jikin kod, sau ɗaya, in bar Doxygen, manhajar da ke mai da sharhin kod littafin jagora, ya fitar da shafukan HTML, edita kuma ya riƙa nuna mini shi ina cikin aiki. Misalina da C ne, amma Doxygen, wanda Dimitri van Heesch ya fitar tun 1997, yana karanta C++ da Java da Python da wasunsu.

Fara da sharhin kansa. Doxygen ba ya kula sharhi na yau da kullum, sai na musamman, kamar wanda aka buɗe da taurari biyu (`/**`). Ka sa shi a fayil ɗin `.h`, inda mai amfani da kod zai duba:

```c
/**
 * @brief Yana karanta layi ɗaya daga fayil.
 * @param f      fayil ɗin da aka riga aka buɗe
 * @param ajiya  inda za a zuba layin. Mai kira ke tanadarsa
 * @param girma  girman ajiya
 * @return tsawon layin, ko -1 idan fayil ya ƙare
 */
int karanta_layi(FILE *f, char *ajiya, size_t girma);
```

Dubi layin `ajiya`. Wa zai tanadi wurin, wa zai sake shi, me ake samu idan abu ya ƙi: waɗannan ne kod ba ya faɗa da kansa. Sharhin da ya ce "girma: girma ne" ɓata wuri ne kawai. Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa ba su da matsala, don Doxygen da UTF-8 yake karatu tun asali.

Akwai tarko ɗaya a C. Idan ba ka sa `/** @file */` a saman fayil ba, Doxygen zai tsallake bayanin irin su `karanta_layi` da ka rubuta a ciki, ka buɗe shafi ka tarar wayam. Layi ɗaya ne, amma ya sha cinye wa mutane yini.

Daga nan ka buga `doxygen -g`. Zai haifar da `Doxyfile`, fayil ɗin saitin Doxygen mai tsawon gaske wanda yawancinsa bayani ne. Kada ya razana ka, kaɗan za ka taɓa:

```
INPUT            = include src
RECURSIVE        = YES
GENERATE_LATEX   = NO
QUIET            = YES
WARN_NO_PARAMDOC = YES
```

Buga `doxygen`, ka buɗe `html/index.html`. Za ka ji ana cewa ka kunna `EXTRACT_ALL`, saitin da ke sa Doxygen ya fitar da komai ko ba a yi masa bayani ba. Ni ban yarda ba. Shafuka za su cika fal, gaskiya ne, sai dai yana kashe gargaɗin abubuwan da ba ka yi wa bayani ba, alhali wannan gargaɗin shi ne rabin amfanin abin.

Saura edita, kuma aiki biyu ne.

Na farko, sharhi ya fito maka kana rubutu. Wannan aikin clangd ne, manhaja mai fahimtar kod ɗin C da ke magana da editoci irin su VS Code da Neovim da Emacs ta hanyar LSP, ƙa'idar sadarwa tsakanin edita da irin waɗannan manhajoji. Yana buƙatar `compile_commands.json` don ya san yadda ake harhaɗa kod ɗinka; idan da CMake kake, ƙara `-DCMAKE_EXPORT_COMPILE_COMMANDS=ON`. Shi ke nan, ka ɗora linzami kan `karanta_layi` a VS Code, bayanin ya bayyana nan take ba sai ka je burauza ba.

Na biyu shi na fi ba wa muhimmanci: gargaɗi ya dawo cikin edita. A ce wani ya sauya `girma` zuwa `iyaka`, ya manta sharhi. Ƙirƙiri fayil mai suna `.clangd` a tushen aikin:

```
CompileFlags:
  Add: [-Wdocumentation]
```

Yanzu tun kafin ya adana fayil za a ja layi ƙarƙashin `@param girma`, don babu mai wannan suna kuma. Doxygen ma yana kama irin wannan, kuma yana fitar da gargaɗinsa da sunan fayil da lambar layi, tsarin da editoci suka saba da shi. A Vim ka ce `:set makeprg=doxygen`, sai `:make`, sai `:cnext` ya riƙa kai ka layi bayan layi. A Emacs `M-x compile` ne. A VS Code sai ka rubuta masa aiki a `tasks.json`.

Idan tsohon aiki ne, gargaɗi zai zubo kamar ruwan Agusta. Kada ka ce sai ka share su a zama ɗaya. Taƙaita `INPUT` zuwa `include` kawai, ka gyara wannan tukuna. Ranar da ya zama babu ko ɗaya, sai ka sa `WARN_AS_ERROR = YES`, yadda Doxygen zai tsaya cak duk lokacin da wani ya shigo da kod ba bayani, sannan ka mayar da `src` cikin jerin.