Yadda ake riƙe amfanin 'ya'yan itace da ganye bayan an yanka su

Raba tuffa gida biyu ka ajiye a faranti. Kafin ka wanke hannu ka dawo, fuskar da ke fara tas ta fara canja launi, bayan minti goma sha biyar kuwa ta koma ruwan ƙasa. Haka ayaba take yi, haka fiya da dankalin turawa. Tuffar ba ta lalace ba, ana iya cinta, amma wani ɓangare na amfaninta ya riga ya tafi, kuma ana iya hana hakan idan aka gane abin da ke faruwa.

A cikin kowace ƙwayar halitta ta tsiro akwai sinadarai da ake kira folifenol. Suna cikin jerin antioksidan, wato masu kashe kaifin gurɓatattun ƙwayoyin oksijin da ke lalata halitta. Akwai kuma inzayim, wani nau'in furotin da aikinsa shi ne hanzarta haɗuwar sinadarai. Tsiro yana ajiye su a ɗakuna daban, kowa da nasa. Wuƙa ce ke rushe bangon da ke tsakaninsu. Da zarar sun haɗu, iska ta shigo, inzayim ɗin da ake kira folifenol oksides sai ya kama aiki: ya mayar da folifenol zuwa kwinon, kwinon kuma su dunƙule su zama launin nan mai duhu. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, akwai inzayim da ake son a tsayar da shi, akwai kuma wanda ake son a ba shi lokaci ya gama aikinsa.

Mataki na farko: wuƙa da lokaci

A wanke kayan tun suna ɗungurungum, kafin a yanka. Bitamin C yana narkewa a ruwa, don haka wanke yankakken ganye zubar da shi ne a magudana. A yi amfani da wuƙa mai kaifi wadda ba ta tsatsa. Dakusasshiyar wuƙa murƙushewa take yi, ta fasa ƙwayoyi masu yawa, tsatsar ƙarfe kuma tana ƙara saurin baƙin. A yanka manya-manya in da hali, kuma daf da lokacin ci.

Mataki na biyu: tsami

Folifenol oksides ya fi jin daɗin aiki a ma'aunin pH (ma'aunin tsami, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru) tsakanin 5 da 7. Idan aka sauko ƙasa da 4 ƙarfinsa yana raguwa sosai, ƙasa da 3 kuwa kusan ya tsaya cak. Ruwan lemun tsami yana wajen 2 zuwa 3, shi ya sa yake maganinsa. A zuba babban cokali ɗaya na ruwan lemun a kofi ɗaya na ruwan sanyi, a tsoma yankakkun 'ya'yan itacen na minti 3 zuwa 5, a tsame.

Lemun yana aiki ta hanya uku a lokaci guda, abin da ke burge ni ke nan game da shi. Tsaminsa yana raunana inzayim ɗin. Sinadarin sitirik da ke cikinsa yana kama ƙwayar jan ƙarfe da inzayim ɗin ke ɗauke da ita a tsakiyarsa, wadda ba ya iya aiki sai da ita. Bitamin C kuma yana mayar da kwinon baya zuwa folifenol kafin launin ya zauna. Sai dai bitamin ɗin ƙarewa yake yi a wannan aikin, idan ya ƙare baƙin zai dawo. Kariyar ta 'yan awoyi ce. In babu lemu, ruwa mai ɗan gishiri ma yana taimakawa, sai a ɗauraye kafin ci.

Mataki na uku: sanyi, amma da lura

Firiji mai digiri 4 yana rage wa inzayim gudu, ba ya kashe shi. A rufe yankakken abu ruf a mazubi don iska ta ragu. Amma ba kowane abu ne ke son sanyi ba. Ayaba tana jin ciwo ƙasa da digiri 13: bangon ƙwayoyin ɓawonta yana fashewa, sai ka buɗe firiji ka tarar da ita baƙa ƙirin. A kuma raba tuffa da ayaba da ɗanyen ganye, domin iskar etilin da suke fitarwa tana sa ganye ya yi rawaya da wuri.

Mataki na huɗu: tsomawa a tafasasshen ruwa kafin daskarewa

Nan ne aka fi yin kuskure. Firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili ba ta hana inzayim aiki gaba ɗaya; a hankali cikin watanni launi da ɗanɗano da bitamin suna zagwanyewa. Zafi ne ke kwance siffar inzayim har abada. A tafasa ruwa kamar lita 4 ga kowane rabin kilo na kayan lambu. A zuba, a jira ruwan ya sake tafasa, sannan a fara ƙirga: alayyafo minti 2, yankakken karas minti 2, koren wake da burokoli minti 3. A tsame nan take a jefa cikin ruwan ƙanƙara na tsawon lokacin da aka yi a wuta, a tsane sosai, a ƙulle, a daskarar. Kada a gajarta lokacin don tausayin ganyen. Rabin tsomawa tayar da inzayim yake yi, sakamakonsa ya fi na rashin tsomawa muni.

Wanda ke son gani da idonsa, ya ɗauki yanka biyu na dankali, ɗaya ɗanye ɗaya dafaffe, ya ɗiga musu ruwan wanke rauni da ake kira haidirojin feroksaid, na kashi 3 cikin ɗari. Ɗanyen zai yi kumfa fari fat yana ƙara sirrr, saboda inzayim ɗin katales yana farfasa feroksaid ɗin yana sakin oksijin. Dafaffen zai yi shiru. A zubar da su duka bayan gwajin.

Wannan dabarar ta kashe inzayim da zafi ce ta raba koren shayi da baƙin shayi, alhali ganyen bishiya ɗaya ne. Koren ana turara shi ko a gasa shi da zarar an tsinko don a kashe inzayim, baƙin kuwa ana murza shi a bar shi ya sha iska.

Mataki na biyar: inda ake barin inzayim ya yi aikinsa

Ɗanyar tafarnuwa da ba a taɓa ba kusan ba ta da wari. Sai an daka ta inzayim ɗin aliyines yake haɗuwa da wani sinadari mai suna aliyin su haifar da alisin mai ba ta warinta, sinadarin da Chester Cavallito da John Bailey suka ware a 1944. Idan aka jefa ta a mai mai zafi nan take, inzayim ɗin ya mutu kafin ya gama. A daka, a bar ta minti 10, sannan a sa a tukunya.

Kabeji da burokoli ma haka suke. Inzayim ɗinsu mirosines shi ke samar da sinadarin salforafen, wanda Paul Talalay da abokan aikinsa na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka ware daga burokoli a 1992. A yayyanka, a bar shi ya ɗan huta, a turara shi sama-sama na 'yan mintuna maimakon a dafa shi lugub. In an riga an dafa, barbaɗa garin 'ya'yan mastad yana dawo da inzayim ɗin, tunda shi ma yana ɗauke da shi.

Tumatir da karas ba sa tsoron wuta. Laikofin da karotin, sinadaran da ke ba su launinsu, a mai suke narkewa, don haka dafa su da ɗan mai yana sa jiki ya fi samunsu.

Mataki na shida: busar da ganye masu ƙamshi

A tsinki na'a-na'a da ire-irenta da safe bayan raɓa ta bushe. A shanya a inuwa mai iska, kada ganye ya hau kan ganye. Rana tana cinye launi da ƙamshi, jinkirin bushewa kuma yana ba inzayim damar baƙanta ganyen. Mai injin busarwa ya tsaya tsakanin digiri 35 da 45. Idan ganyen ya karye ƙaras a hannu, ya yi. A adana shi bai-ɗaya a kwalba mai duhu da murfi, a murmushe abin da ake buƙata kawai a ranar da za a yi amfani da shi.