Karen tsere na Turawa: kurakuran da aka fi yi a tarihinsa, horonsa da kiwonsa

Tseren karnuka a Ingila da ƙyar yake wuce daƙiƙa talatin. A buɗe akwatuna shida, karnuka shida su fito a guje bayan zomon inji, wato zomon ƙarya da inji ke ja a gabansu, su zagaya mita 480 ko 500, kafin ka gyara zama an gama. Karen da ake wannan tsere da shi, wanda Turawa ke kira greyhound, yana kai gudun kilomita 70 a awa. Ƙirjinsa mai zurfi, cikinsa a shafe, fatarsa siririya, kitse kuwa kusan babu. Duk wannan halitta saboda rabin mintin nan ce, kuma yawancin kurakuran da ake yi masa daga mantawa da haka suke tasowa. Tseren kansa a kan caca yake tsaye, ba kuma ita nake tallata wa kowa ba. Karen ne ya dame ni, domin shi ke shan wahalar duk abin da mutum ya jahilta.

Abin da ake faɗa a kan asalinsa

Za ka ji ana cewa shi ne karen Fir'auna, wai daga Masar ya fito kai tsaye, tunda an ga zanen karnuka masu dogayen ƙafafu a bangon kaburburan can. Kama da wane ba ta wane ba ce. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna ya fi kusa da karnukan Turai, har da na kiwon tumaki, fiye da Saluki na ƙasashen Larabawa. Tun ƙarni na biyu miladiyya wani marubucin Girka mai suna Ariyan ya siffanta karnukan mutanen Kelt, wata tsohuwar al'ummar Turai, masu farautar zomo da ido, kuma nan ne ya fi dacewa a nemi kakanninsa. Sunan ma yana ruɗar mutane. Masu jin Turanci suna zaton yana nufin kare mai ruwan toka, alhali daga tsohuwar kalmar grighund ya samo asali. Baƙaƙe da jajaye da masu zane-zane sun fi masu ruwan toka yawa nesa ba kusa ba.

Sai kuma masu haɗa tsere da farauta su mai da su abu ɗaya. Kafin filin tsere, abin da ake yi a Ingila da Ailan shi ne a saki karnuka biyu a kan zomo mai rai a fili, alƙali a kan doki yana ba da maki ga wanda ya fi juya zomon. Babbar gasar wannan ita ce Kofin Waterloo da aka fara a 1836 a Altcar ta Ingila. A nan Master McGrath, karen Lord Lurgan, ya ci a 1868 da 1869 da 1871, har aka kai shi gaban Sarauniya Biktoriya. Dokar farauta ta 2004 ta haramta wannan a Ingila, aka yi gasar ƙarshe a 2005. Tseren zagaye kuwa ɗan baya-bayan nan ne, kuma ba daga Ingila ya fara ba kamar yadda da yawa ke ɗauka. Ba'amurke ne, Owen Patrick Smith, ya ƙera zomon inji, aka buɗe filin farko a Emeryville ta jihar Kalifoniya a 1919. Sai ranar 24 ga Yuli 1926 abin ya iso filin Belle Vue a Manchesta, inda wani kare mai suna Mistley ya ci tseren farko. Shekara ta zagayo aka fara tsere a filin White City a Landan, aka fara gasar Derby ta karnuka.

Tsofaffin da suka ga zamanin suna ba da labarinsa da ɗoki, kuma suna da gaskiya: bayan yaƙin duniya na biyu, leburori dubbai ne ke cika filayen nan da dare bayan an tashi aiki. Amma wanda ya ji labarinsu ya ɗauka har yanzu haka abin yake ya yi kuskure. Tun da aka halatta shagunan caca a 1961 mutane suka fara janyewa. Filin Walthamstow na Landan ya rufe a 2008, na Wimbledon a 2017, shi kansa na Belle Vue a 2020. Mutanen jihar Fulorida ta Amurka sun kaɗa ƙuri'ar hana tseren a 2018, aka daina a ƙarshen 2020. Filin Makau na ƙasar Sin ya rufe a 2018, gwamnatin Niyu Zilan kuma ta sanar a Disamba 2024 cewa za ta kawo ƙarshensa.

Wajen horo

Mafi munin kuskure shi ne imanin cewa sai kare ya ɗanɗana jini zai yi gudu. Masu wannan ra'ayi suna ɗaure zomo ko ɗan alade da ransa a jikin sandar inji su saki kare a kansa. A 2015 gidan talabijin na ABC a Ostireliya ya nuna hotunan da aka ɗauka a ɓoye na wannan aika-aika, aka kori masu horo da dama, wasu suka gurfana gaban kotu, har jihar New South Wales ta sanar da hana tseren a 2016 kafin ta janye. Zalunci ne, kuma ba shi da wani amfani. Bin abin da ke motsi a jinin karen yake. Ɗan kwikwiyo ɗan wata huɗu, ka ɗaura tsumma ko guntun fata a igiya ka ja a ƙasa, zai bi ba tare da kowa ya koya masa ba. Aikin mai horo shi ne ya riƙa barinsa yana kamawa lokaci-lokaci, ya kuma tsayar da wasan tun karen bai ƙoshi da shi ba, don gobe ya dawo da marmari.

Gaggawa ita ce ta biyu. Ɗan kwikwiyo yana kai wata takwas ya yi tsawo kamar babba, mai shi ya ga ai ya isa. Ƙashinsa bai gama ƙwari ba sai bayan shekara. Shi ya sa masu kiwo a Ailan ke barin 'yan kwikwiyo a makiyaya suna guje-gujensu da 'yan'uwansu har kusan wata 12 kafin a fara nuna musu akwatin tashi da kwanar fili, dokar Birtaniya kuma ba ta yarda kare ya shiga tsere ba sai ya cika wata 15. Wanda ya sa ɗan wata tara shan kwana da ƙarfi, a gaɓoɓi zai ga sakamakon.

Maganar kwana tana buƙatar a tsaya a kanta. Karnukan suna zagaya fili ne ta hagu, ko da yaushe ta hagu. Idan kare mai nauyin kilo 30 ya shiga kwana da cikakken gudu, nauyin yana sauka a kan ƙafar baya ta dama, a wani ɗan ƙaramin ƙashi da ke tsakiyar gaɓar. Wannan ƙashi shi ne ya fi karyewa a filin tsere, kuma sau da yawa ba rana ɗaya abin ke faruwa ba. Tsagewa ce ƙanana ke taruwa saboda gudu a kai a kai babu hutu, har ranar da zai ɓalle. Masu horon da suka san aikinsu ba sa sa kare gudu mai tsanani fiye da sau ɗaya ko biyu a mako, sauran kwanakin tafiya ce a igiya. Bayan kowane gudu kuma sai sun bi jikinsa da hannu, yatsa bayan yatsa, wuyan ƙafa, kafaɗa, cinya, suna lura da inda zai janye ko ya yi ƙara. Wannan kare yana iya gama tsere da karyayyen yatsa saboda zafin bin zomo, sai jiki ya huce ɗingishin zai fito. Kada ka jira ɗingishi.

George Curtis, wanda ya horar da Ballyregan Bob har ya ci tsere 32 a jere ya kafa tarihi a 1986, yana cikin waɗanda ake tunawa da su a wannan sana'a, kuma duk wanda ya san tsere ya san kare ba ya jera irin wannan nasara sai an kiyaye masa ƙafafu.

Bayan ya bar fage

Yawancinsu suna barin tsere suna da shekara huɗu ko biyar, kuma suna iya kai 12 ko fiye. Masu karɓarsu su riƙe a gida suna faɗawa cikin kurakurai iri ɗaya.

Na farko, su ga haƙarƙari a waje su ce yunwa ce, su hau ɗura masa abinci. Haka halittarsa take. Ya kamata a riƙa hango haƙarƙari biyu ko uku na ƙarshe. Kilo ɗaya ko biyu a kan nauyinsa na tsere ya isa, fiye da haka nauyi ne a kan siraran ƙafafu. Kada kuma a ba shi abinci dab da gudu ko yana dawowa yana haki, domin karnuka masu zurfin ƙirji cikinsu na iya kumbura ya murɗe, abin da ke kashewa cikin sa'o'i. A raba abincin sau biyu a rana.

Na biyu, tsoron cewa sai an ba shi gudun awa biyu kullum. Yawon minti ashirin safe da yamma ya wadatar, sauran yinin barci yake yi. Sai dai a shimfiɗa masa abu mai laushi, don ƙashin da ba kitse yana yin gyambo a kan siminti.

Na uku shi ya fi kashe su: kwance igiya a buɗaɗɗen wuri. Na taɓa ganin wanda ya shekara da karensa lafiya lau, yana kira yana zuwa, ranar da kyanwa ta gilma a tsallaken titi kiran bai shiga kunnensa ba. Cikin 'yan taku yake kai ƙarshen gudunsa, ba mai kamo shi. Ba a sakinsa sai a wuri mai shinge. Abin wuyansa ma na musamman ne, mai faɗi wanda ke ɗan tsukewa idan ya ja, saboda kansa ya fi wuyansa siranta, na sauran karnuka zamewa yake yi. Takunkumin da ake gani a bakinsu kuma ba alamar mugunta ba ce. Fatarsu ce ke yagewa da ɗan cizon wasa, takunkumin kuma yana kare kyanwa da ƙananan karnuka har a san halinsa.

A tuna a ɗakin karnuka ya girma. Bai san matakala ba, bai san ƙofar gilashi ba, bai taɓa kwana shi kaɗai ba, ba a kuma taɓa taɓa shi yana barci ba. A kira sunansa ya farka kafin a kai hannu, a kuma koya wa yara haka.

Gaban likitan dabbobi

Jininsa ya bambanta da na sauran karnuka, kuma likitan da bai saba da shi ba yana iya ganin cuta inda babu. Jajayen ƙwayoyin jininsa sun fi yawa, fararen da masu daskarar da jini sun fi ƙaranci, sinadarin tayirod a ƙasa yake, ma'aunin kiriyatinin da ake duba ƙoda da shi kuma a ɗan sama saboda yawan tsoka. An sha ɗora lafiyayyen kare a kan maganin tayirod na shekaru saboda wannan. Allurar barci irin ta tiyofental tana daɗewa ba ta sake shi ba, don haka ake kauce mata. Wasunsu kuma jini na tsiyaya musu kwana ɗaya ko biyu bayan tiyata, akwai maganin da ake bayarwa tun kafin a yanka. Faɗa wa likita duk wannan ba raini ba ne. Idan yana ɗingishi a kan kwalta amma ya miƙe a kan ciyawa, a duba tafin daginsa, sau da yawa kanta ce ta fito. Ɗingishin da ya ƙi tafiya a tsohon kare kuwa a ɗauki hoton ƙashi da wuri, domin sankarar ƙashi tana yawan kama su.

Barbara

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka ne, amma masu kiwo da yawa uban kawai suke kallo. Kowa ya ruga wurin zakara ɗaya, kamar yadda aka yi da Top Honcho a Ailan da Brett Lee a Ostireliya, cikin 'yan shekaru sai ka tarar da jini ɗaya ta wajen uwa da ta wajen uba. Rabin ɗan kwikwiyo daga karya yake, ita ce kuma ke renonsa. A duba lafiyarta da natsuwarta da yadda 'yan'uwanta suka ƙare, a bi takardar asali baya zuwa kakanni huɗu ko biyar, aiki mai sauƙi tunda tun 1882 ake rubuta nasabarsu a Ingila. A yi rigakafi a kan lokaci. Mick the Miller, wanda wani limamin coci ya kiwata a Killeigh ta Ailan, ya ci Derby a 1929 da 1930, saura kaɗan cutar distemfa ta kashe shi yana ƙarami, cutar da yau allura ke hanawa.

Babban laifin kiwo shi ne yawan haihuwa. Ciki na kwana 63 yana iya kawo 'ya'ya bakwai ko takwas, ba duka za su yi gudu ba. A 2019 gidan talabijin na RTÉ a Ailan ya ba da rahoton cewa karnuka kusan 6,000 ake kashewa a shekara don ba su da sauri. Wanda bai tanadi gida ga mafi sanyin gudu a cikin 'ya'yan ba, bai kamata ya kai karyarsa barbara ba.

Mai son kawo shi ƙasarmu

Mafarauci ya ga bidiyonsa a waya ya yi sha'awa, ya ce da wannan ba zomon da zai tsira. A dajinmu zafi zai fara kayar da shi. Tsokarsa tana haifar da zafi mai yawa cikin ɗan lokaci, idan aka sa shi gudu da rana a watan Afrilu yana iya faɗuwa, fitsarinsa ya koma ja saboda narkewar tsoka, ƙoda ta lalace. Ƙaya da tsakuwa suna yaga masa dagi, sanyin hunturu da dare yana buƙatar a rufa masa bargo, gadi kuma ba aikinsa ba ne don ba ya yawan haushi. Yankinmu yana da nasa mai farauta da ido: karen Azawak na Buzaye, daga kwarin da ke tsakanin Nijar da Mali, wanda aka fara kai wa Turai a farkon shekarun 1970. Bai kai na Turawa saurin tashi ba, amma yana jure rana da doguwar kora, yana kuma tsare garke da zango. Wanda duk da haka ya riga ya mallaki na Turawan, ya fitar da shi da asuba ko bayan magariba kawai, ya taɓa ƙasa da bayan hannunsa kafin karen ya taka, ya ajiye ruwa a inuwa, ya kuma riƙa duba kunnuwa da tsakanin yatsu kullum saboda kaska.