Yadda Sabon Baturen 'Yan Sanda Zai Tafiyar da Caji Ofis a Birnin Kano

Jami'in da hedikwatar 'yan sandan jihar Kano da ke Bompai ta tura ya shugabanci caji ofis a Fagge, Dala ko Gwale zai tarar da ƙorafi ya fi ƙarfin ma'aikatansa, don haka aikinsa na farko shi ne tantance abin da zai yanke hukunci a kansa da kansa, da abin da zai bar wa sufetocinsa.

Ya fara kowace safiya da leƙa bayan kanta, riƙe da rajistar waɗanda ake tsare da su, yana tambayar kowa ranar da aka kawo shi da laifin da ake zarginsa. Wannan ba aikin wakilci ba ne. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya matuƙar akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma babu unguwar da ke cikin birni da za ta ce kotu ta yi mata nisa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta hana kama wani a madadin wani, ta hana kama mutum kan rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. A garin da ake cinikin amana irin na Kantin Kwari da Singa, inda ake ɗaukar dila a biya bayan an sayar, irin wannan ƙara za ta riƙa zuwa kullum, sau da yawa da rakiyar wani babba. Ya tura su kotu ko wurin shugabannin kasuwa, ya kuma rubuta dalilinsa, domin rubutun ne zai kare shi ranar da aka kira shi daga sama.

Tsarin sintiri kuwa a bar wa jami'an da suka san lungunan, amma a gina shi a kan rahoton inda ƙwacen waya da faɗan daba suka fi yawa, da lokacin da suke faruwa.

Kafin ya cika wata guda, ya kamata ya ziyarci hakimi da masu unguwanni, ya zauna da 'yan sintirin sa-kai, Hisbah da KAROTA (hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano), a fayyace iyakar kowa tun kafin hawan Sallah ya zo. Mai unguwa yakan san yaron da ya fara yawo da wuƙa tun kafin sunansa ya shiga rajista.