Kurakuran da masu zuwa kallon zane a jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York suke ta maimaitawa

Na gaji wallahi. Duk baƙon da na ce wa akwai abin kallo a jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York, sai ya dawo da yamma yana ce min shi ban da ɓeraye da zarni bai ga komai ba. To ɓerayen suna nan, ba na musu, amma tasha 472 ce fa, kuma tun 1985 hukumar MTA mai kula da jiragen take da sashe guda da aikinsa ke nan, ɗaukar masu zane su ƙawata tashoshi. Abin yana nan, ku ne ba ku iya nemansa ba, kuma ni ma da haka na fara.

Bari in fara da wanda ya fi ƙona min rai, Masstransiscope. Wani mai suna Bill Brand ne ya yi shi a 1980 a cikin tsohuwar tashar Myrtle Avenue ta Brooklyn wadda aka rufe tun 1956. Allunan zane 228 ne a jere a bayan wani bango mai tsage-tsage da fitilu a ciki, in jirgi ya wuce da gudu sai idonka ya haɗa su ka ga kamar katun ne yake motsi, alhali kai ne kake motsi, zanen yana tsaye abinsa. Sharaɗinsa uku ne kawai: ka hau jirgin layin B ko Q daga tashar DeKalb Avenue, ya zama mai zuwa Manhattan, ka leƙa tagar dama. Ni kuwa duka ukun sai da na ɓata su a yini ɗaya, kuma a gaban ɗan yayana da na cika wa baki tun daga gida cewa yau zai ga abin da bai taɓa gani ba. Ranar Asabar ce, muka tsaya muna jiran B, Q yana zuwa yana wucewa ina cewa a'a ba namu ba ne, mun fi rabin awa a tsaye kafin wata tsohuwa ta ji tausayinmu ta ce B ba ya aiki a ƙarshen mako. Don haushi na ja yaron muka haye ɗaya ɓangaren muka faɗa jirgin da muka tarar, ashe mai zuwa Coney Island ne, wato ya ba Manhattan baya. Da muka dawo kuma na manne a tagar hagu ina kallon baƙin bango, shi da yake dama ya ce "Kawu, kamar na ga wani abu ya gilma". Har yau in ya so tsokanata da wannan yake farawa.

Kuma don Allah ku ajiye wayar nan! Abin bai kai rabin minti ba, kai kana ta neman kamara, in ma ka samu to fuskarka da fitilun tarago kawai za ka ɗauko a gilashi. Ni yadda nake yi, tsayuwa nake a bakin ƙofar dama tun kafin jirgi ya tashi, in kare gefen idona da tafin hannu biyu in jingina da gilashin. Mutane za su kalle ka kamar wani zautacce, ba ruwanka, a garin nan sun ga abin da ya fi haka.

Na biyu, tsohuwar tashar City Hall. Da ita aka buɗe layin farko a 27 ga Oktoba 1904, rufinta na tayil ne mai lanƙwasa irin aikin magini Guastavino, ga fitilun tagulla suna reto, aka rufe ta a ƙarshen 1945 saboda dandamalin ya yi kwana da yawa, dogayen jirage ba sa iya tsayawa daidai. Jirgi mai lamba 6 har yanzu ta cikinta yake juyawa ya koma arewa. Kuskuren shi ne da an iso tashar Brooklyn Bridge an ce tasha ta ƙarshe ce sai kowa ya miƙe, kai ma ka bi yarima a sha kiɗa ka fita. Zauna abinka, ba laifi ba ne. Amma kar ka je da dare kana tsammanin fada, da rana ma duhu-duhu ne, ƙarar ƙafafun jirgin a kwanar nan kuma har cikin haƙori kake jin ta. Ni sau biyu nake zagayawa, na farko don in gane ta wace taga take bayyana, na biyu shi ne kallon.

Sai masu rikita jirgi mai tsayawa ko'ina da mai tsallake tashoshi. Kana son ganin dabbobi da ƙasusuwan da aka yi da ƙananan tayil a tashar titi na 81, ƙarƙashin gidan tarihin halittu, C ko B za ka hau. In ka faɗa A ko D a Columbus Circle, za ka hango tashar ta taga tana wucewa, ba zai tsaya ba sai titi na 125 a Harlem.

Wasu kuma bango kawai suke kallo. A tashar titi na 14 da 8th Avenue ƙasa ake dubawa, ƙananan mutum-mutumin tagulla na Tom Otterness suna ƙarƙashin matakala da gindin ginshiƙai, har da kada da ya leƙo daga ramin kwata ya cafki wani mai kai irin jakar kuɗi. Sai dai kar ka tsuguna a tsakiyar matakala ƙarfe takwas na safe kana hoto, abin da za a faɗa maka ba zai rubutu ba. A Herald Square kuwa sama ake dubawa, wani dogon koren ƙarfe ne a dandamalin N da R, ka ɗaga hannu gabansa ya yi kiɗa da kukan tsuntsaye, kuma ba sai ka taka layin rawaya na bakin dandamali ba.

Taragon da ka gani wayam alhali sauran a cike, kar ka ce ka yi sa'a, ko esi ya mutu ko akwai abin da hancinka zai gaya maka. Makaɗa in ka ɗauke su bidiyo ka jefa ko dala ɗaya ce, kunya ma ai ado ce. Ka duba ko an rubuta Uptown (mai zuwa arewa) ko Downtown (mai zuwa kudu) tun a bakin titi, wasu ƙananan tashoshi ba hanyar hayewa ta ciki, sai ka fito ka sake biya.

Kwanan nan wani ya turo min hoton bangon tashar Astor Place yana dariya wai har ɓera suka yi wa allo. Ba ɓera ba ne malam, dabbar ruwan nan ce biba, wadda John Jacob Astor, attajirin da wurin ya ci sunansa, ya yi arziki da cinikin fatarta, dubi jelar mana.